Ƙofa Mai Lamba

"Koma ka yi sallama, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Ba a shigo mini gida ta baya."

Na zagaya ta gaban ƙofar, na ƙwanƙwasa. Hukumar birni ce ta turo mu jin ra'ayin jama'a kan gidaje bayan ambaliya, aka kuma ja mana kunne: sai mai lambar gida a ƙofarsa za a saurara, shi ne zai shiga rabon sababbin gidaje. Tun safe nake shan koke-koke, har zuciyata ta yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ta buɗe, ta nuna mini lambar da yatsa, ta sa na cire takalmi.

"Iya, me kuka fi buƙata a unguwar nan?"

"A yashe mana kwata. Fitilar titi ma ta mutu. Sauran kuwa, ai kana da ido."

"Ke kaɗai ce a gidan?"

"Da mu biyu ne. Maigidan ne ya kafa ƙofar nan da hannunsa. Ruwa ya tafi da shi, ita ta ƙi tafiya."

Na naɗi muryarta a waya, na ce ta shiga cikin masu gida. Ta ce to.

Ta rako ni, ta rufe, na ji ƙarar sakata. Daga titi na waiwaya. Ga ta can zaune a kan tabarma, rana na dukanta, babu bango, babu rufi, sai ƙofa ɗaya tsaye a fili, a kulle.