Teburin Haladu a Ƙofar Gidan Dokta

Haladu yana jera madubai da ƙullin zare a teburinsa sa'ad da Kawu Baƙo ya tsaya a kansa. Umarnin gajere ne. Kafin Azahar tebur ya bar ƙofar gida, kuma ba zai dawo ba.

Shekara ashirin Haladu yana sayar da kayan koli a nan, bakin hanyar da matan ƙauye ke bi zuwa kasuwar Gwarzo. Da shi yake ciyar da mutum bakwai. In aka mayar da shi lungun baya, sai dai awaki su yi ciniki da shi.

Amma yau ake walimar sabon gidan da ƙaninsa Uwaisu ya gina a wurin, bayan shekara goma sha ɗaya a Ingila. Kawu ne ya raɗa wa Uwaisu suna Dokta, ya kuma gayyato manya daga Kabo. A ganinsa, allura da reza ba su dace da ƙofar mai ilimi ba.

Tun dawowarsa Uwaisu bai iya zaman kujera ba. Baƙi na falo, shi yana waje, idonsa na kan titi. Jiya ma ya sake wa Haladu jerin kaya, ya matso da masu ƙyalli gaba, kafin La'asar turare ya ƙare.

Haladu ya fara kwashewa ke nan, sai hannu ya sauka a kafaɗarsa.

"Yaya, mayar."

Uwaisu ya juya ga Kawu, a gaban dattawan da suka fara cika tabarmi. Ya ce Turawan da ake taƙama da iliminsu suna da tsohuwar kalma, *chapman*. Farkonta ciniki yake nufi a harshen kakanninsu, ƙarshenta mutum: mai yawo da allura da zare gari-gari. Daga tushenta suka samo kalmarsu ta araha. Yau akwai manyan gidaje da ke amsa sunan, ba wanda ya goge shi.

"Turanci za ka yi mana?" in ji Kawu. "Kai da ba ka san zafin ranar talla ba!"

Jiniyar rakiyar wani babban baƙo ta tsage daga kwanar titi. Kafin Haladu ya ɗago, Uwaisu ya haɗa kusurwa huɗu na ƙyallen tebur, kayan duka sun koma ƙunshi a kafaɗarsa. Ko madubi ɗaya bai fashe ba. Ya tsaya yana haki. Sannan ya yi dariya, ya shimfiɗa su, kowanne a mazauninsa.

"Tebur yana nan, Kawu. Wanda ya ga ya tsone masa ido, ya ci shinkafarsa a Kabo."

Kawu ya gyara hula. "Wane farfesa ne ya koya maka wannan rashin kunyar?"

"Wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai," in ji Uwaisu. "Shimfiɗarsa na jikin tawa a bakin titi a Ingila, shi littattafai, ni safa da lema, da jin jiniyar 'yan sanda mu naɗe mu gudu, kuma da safa da lemar nan aka gina gidan da kake gayyatar mutane."