Mai Buga Takardu da Kyautar Surukinsa

Ki zauna ki ji wannan da kunnen basira, 'yata, don na ga ke ma kin iya cewa "babu komai" alhali akwai.

An yi wani mutum mai buga wa jama'a takardu da kwamfuta, a wani ɗan shago gefen kotu. Shekara bakwai yana aiki da kwamfutar nan, ko tari ba ta taɓa yi masa ba. Cikin masu zuwa wurinsa akwai wani dattijo makaho, wanda duk ranar Alhamis zai lallaɓo da sandarsa ya zauna a benci, ya riƙa faɗin tarihin gidansu: wa ya haifi wa, daga wane gari suka taso, wace yunwa ta kore su, ina aka binne wane. Yana faɗa, mai shago yana bugawa. Shekara biyu suna haka, har abu ya haura shafi ɗari. Da Allah ya karɓi ran dattijon, 'ya'yansa suka ce ranar sadakar arba'in za su zo su karɓa, a raba wa jikoki. Ana cikin kwanakin nan sai ga surukin mai shago, mijin 'yarsa ta fari, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce ya kawo masa wata sabuwar manhaja ce mai ƙawata rubutu, irin wadda ake yin katin biki da ita, don ciniki ya ƙaru. Da hannunsa ya sa ta, ya yi sallama ya tafi yana murna. To, tun daga ranar kwamfuta ta ƙi zaman lafiya. Ana tsakiyar aiki sai ta sandare, allon ya koma shuɗi, ta mutu. A kunna, ta sake mutuwa. Mai shago ya ce zafi ne, ya kafa mata fanka. Ya ce wutar lantarki ce, ya sauya waya. Ya kwance bayanta ya hure ƙura har idonsa ya yi ja. Duk wannan fa yana yi ne zuciyarsa na gaya masa gaskiya, don ya san ranar da ciwon ya shigo, ya kuma san wanda ya shigo da shi.

Da abu ya ci tura, ya naɗe ta a zane ya kai wa mai gyara a kasuwa. Sai aka yi rashin sa'a, mai gyaran nan abokin surukin ne, tare suke shan shayi. Ya kunna, ya duba, ya ce, "Baba, kafin ta fara wannan, an sa mata wani sabon abu?" Mai shago ya so ya faɗi gaskiya. Amma yaya za a yi ya buɗe baki a tsakiyar kasuwa ya ce kyautar surukinsa ce ta lalata masa sana'a? Mutumin da ko sunan 'yar farin tasa ba ya iya kira don kunya, balle ya kushe mijinta a gaban abokinsa, magana ta koma gida ta zama abin gori. Sai ya ce, "Babu." Mai gyara ya ce, "Ka tuna dai, Baba. In an sa, cirewa kawai zan yi, kafin ka gama cin goron nan mun gama. In ba a sa ba, to ciwon mai zurfi ne, sai na share duk abin da ke cikinta na sake zuba mata sabo." Mai shago ya sunkuyar da kai, ya tuna ya taɓa kwafe aikin dattijon a wani filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa jikin kwamfuta, da ke cikin aljihun tebur. Ya ce a ransa, ai ba a rasa komai ba, mutunci ya tsira, aiki ya tsira. Ya ce, "Share." Aka share. Kwamfuta ta tashi garau kamar ranar da aka sayo ta. Ya koma shago ya soka filashin, sai ya tarar shafi goma sha ɗaya ne kawai a ciki, na watannin farko. Labarin ya tsaya daidai inda kakan dattijon ya ɗaura kaya zai bar garinsu. Inda ya nufa, da wadda ya aura, da duk sunayen da suka biyo baya, bakin da ya san su yana ƙarƙashin ƙasa.

Ranar arba'in 'ya'yan mamacin suka zo su huɗu, da fararen riguna. Ya miƙa musu 'yan shafukan, ya faɗi yadda aka yi tun daga farko, bai rage ko kalma ba. Abin da ya kasa faɗa wa mutum ɗaya, ya faɗe shi a gaban mutum huɗu. Babbansu ya juya takardun, ya kai ƙarshe, ya sake juyawa ko akwai saura. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," suka tashi. Da labari ya kai kunnen surukin, ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa ran nan, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Baba, da ka aiko mini, ai da hannuna zan cire ta."

Shi ya sa magabata suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.