Tsakuwar Layin Dogo

Tun da na dawo kake tambayata, kawu, me ya sa nake tsayawa ina kallon tsohuwar tasha. Bari in ba ka misali. An yi wani manomin tumatir a wani gari na bakin dogo. Jirgin ƙasa ke kwasar kayansa zuwa kudu, tarago guda ya ɗauke abin da mota goma ba ta ɗauka. Sai jirgi ya daina zuwa, hukuma ta koma zuba kwalta, kwaltar kuma ta tsaya nesa da gari. Tsakaninsu da ita sai wata hanya mai taɓo, inda manyan motoci ke kafewa duk damina. Rannan manomin ya dubi tsakuwar da aka shimfiɗa ƙarƙashin dogo, ya tura baro ya ɗebo, ya cike rami, mota ta wuce. Limamin garin ya tare shi ya ce, "Malam, wannan dukiyar jama'a ce, har waɗanda ba a haifa ba suna da haƙƙi a ciki. Shari'a ba ta yarda ka gyara yau ka cuci gobe ba." Ya ce, "Allah gafarta, gobe ba ta ruɓewa a kwando, tumatir kuwa kwana biyu ne." Da mutane suka ga ta yi, sai abin ya zama gayya, kowace shekara da ganga da fura.

Taɓo kuwa ba ya ƙoshi. Abin da aka zuba bana, baɗi ya haɗiye. Shekara tara ana haka, har dogo ya rataye a iska, ruwa na bi ta ƙarƙashi. Ana nan sai ga ma'aikata sun zo duba layi, za a dawo da jirgi. Suka taka, suka auna, suka girgiza kai, aka ja sabon layi ta wani gari can gabas. A daminar da aka buɗe sabon layin, motar da ta ɗauko kayan manomin ta kafe har gindi, ba sauran tsakuwar ɗiba. Kwana huɗu yana zaune a bakin hanya, jan ruwa na ɗiga daga kwandunansa, yana jiyo kukan jirgi daga nesa. 'Ya'yansa duk sun tafi birni, ba wanda ya dawo.

Abin da nake tunawa ke nan, kawu, in na tsaya ina kallon tashar. Shi ne Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.