Rabin Kilon Tabawa

Tun da aka kafa dokar awo, ba a ba mai ciwon suga magani sai sikelin ƙofar asibiti ya nuna ya rame da aƙalla rabin kilo. Tabawa ta bar tuwo, ta koma kwaɗon zogale, kullum tana zagaya unguwa har ƙafarta ta yi gyambo. Amma wata uku ke nan sikelin ya kafe a kilo tamanin.

Ranar awo ta tsaya wajen wanzamin da ke bakin ƙofar.

"Malam Tanko, saura rabin kilo. Yi mini ƙaho."

Ya duba idonta, ya girgiza kai. "Inna, wane jinin zan ɗiba?"

Ta kwance tsumman ƙafar da ta fara baƙi.

"To wannan fa, kilo nawa za ta yi?"