Musayar Jaka

Karo na uku ke nan Halvard, malaminsu, yana zazzage laimar Tormod a kan tebur.

"Wannan naɗi ne ko ƙullin wanki? Sake."

Ingvild ta yi dariya daga nata teburin, ko kai ba ta ɗago ba.

Sati shida suka yi a wannan rumfa, a gefen wani ƙaramin filin jirgi na yammacin Norway, suna koyon naɗin laimar da ake dirowa da ita daga sama. Ƙungiyar masu dira mutum ɗaya take nema, ɗalibai kuwa biyu suka rage. Tormod tsohon soja ne, ya dira sau ɗari huɗu. Ingvild ɗinkin filafilan jiragen ruwa ta baro, hannunta ya fi nasa tsabta, kuma kullum sai ta tuna masa.

"Soja, igiyarka ta harɗe."

"Ki ji da allurarki, tela."

Ko gahawa ba sa sha a tebur ɗaya.

Ranar jarrabawa kowa ya naɗe tasa tun da hantsi, ya cusa a jaka, ya rataye a ƙugiya. Tormod ya fita shan taba. Da ya dawo sai Ingvild ta ɗauki burodinta da cuku ta nufi kantin filin. Rumfar ta zama ba kowa sai Tormod.

Minti takwas ya ishe shi. Ya buɗe jakarta, ya zagaye bakin laimar da ɗan jan zare irin wanda ake riƙe naɗi da shi kafin a rufe, ya ƙulle tamau, ya mayar da komai yadda yake. Mantuwa ce da ke kayar da ɗalibi nan take. Ya san tsarin: Halvard zai buɗe jaka a kan tebur, ya ga zaren, ya sallame ta. Ba wanda zai ji ciwo.

Halvard ya shigo yana goge baki, ya leƙa sama ta ƙofa.

"Gari ya yi kyau. Yau ba tebur. Mai naɗi ran wani yake riƙewa, to ku ɗanɗana. Kowa ya goya jakar ɗan'uwansa."

Ingvild ta miƙe zumbur. "Ni? Da naɗin wannan? Kai da bakinka ka ce ƙullin wanki ne!"

"Na yau na duba shi kafin ya rufe, lafiya lau yake. Wanda bai hau jirgi ba ya faɗi."

 In Tormod ya yi magana, ba wannan aiki kaɗai zai rasa ba, babu filin da zai ƙara bari ya taɓa igiya a faɗin ƙasar.

Jirgin ya tashi. Tsaunuka suka yi ƙasa, ruwan da ke tsakaninsu ya koma kamar zare. Jakar ta yi masa nauyi a baya. Ya lallashi kansa da cewa akwai laimar ko-ta-kwana. Amma ya taɓa ganin laimar farko da ta fito a ɗaure: ta yi ta juya mai ita kamar katantanwa, ta biyun ta fito ta naɗe a jikinta. Shi ya riƙe kan mutumin har motar asibiti ta zo.

Ingvild na zaune gabansa, ta kafe shi da ido, leɓenta ya bushe. Raini ne, ya ce a ransa. Har a nan raini.

Halvard ya zuge ƙofa. Iska ta bugo su.

"Tormod, kai ne farko!"

Ya matsa, ya sa ƙafa a bakin ƙofa, ya dubi ƙasa. 

"Ba zan iya ba!" ya yi ihu. "Akwai zare a ciki! Ni na ɗaura, don ta faɗi!"

Halvard ya fizgo shi ciki, ya rufe ƙofar. Ƙarar iska ta ɗauke. Tormod ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ko mari.

Ba ta zage shi ba. Tana ta kiciniyar kwance ɗamarar jakarsa daga ƙirjinta.

"Ɗaya kawai?" ta ce. "Ni biyu na ɗaura a taka."