Mutumin da Ya San Hanya

"Ɗan nan, ka tambayi wani mana," in ji Inna, karo na uku tun da suka sauka a babbar tashar birnin.

Malam ya ci gaba da duba taswirar motoci. Shekara ashirin da biyu yana koyar da labarin ƙasa. Mutumin da ke zana kogunan duniya a allo da ka, shi za a ce ya tare ɗan birni yana tambayar motar asibiti? A gaban mahaifiyarsa? Allah ya sawwaƙe.

Sai dai taswirar da ke bangon tashar ba ta san darajarsa ba. Layuka ja da kore da shuɗi sun sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ƙarfe tara da kwata ke nan. Sha ɗaya likita zai duba Inna, kuma wata huɗu suka yi suna jiran wannan rana. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sahunsa. A bayan katin asibitin an rubuta ɓaro-ɓaro: wanda ya makara zai sake jira daga farko.

Can sai ya hango shi. Wani dogo ne mai kwat da baƙin tabarau, takalminsa sai sheƙi, yana tsaye taku uku daga gare su hankali kwance. A hannunsa akwai shuɗin kati irin wanda Malam ke riƙe da shi sak. Malam ya yi murmushi. Ga ɗan gari, kuma wurinsu ɗaya. Mai ilimi ba ya tambaya, lura yake yi.

Wata bas ta tsaya. Malam ya matsa don ya karanta lambarta, sai ya ga Mai Tabarau ya nufi ƙofa da sauri. Nan take ya ja hannun Inna suka afka ciki.

Minti ashirin suna matse tsakanin wata mai buhun albasa da wani mai faɗa da matarsa a waya. Lokaci-lokaci Mai Tabarau kan waiwayo ya dube shi. Halin mutanen birni ke nan, in ji Malam a ransa, kowa ɓarawo ne a idonsu. Ƙafar Inna ta sage, ya miƙe don ta samu wurin miƙe ta. Zumbur Mai Tabarau ya tashi ya danna ƙararrawa. Suka sauka tare.

"Kin gani ko?" Malam ya raɗa mata. "Saura kaɗan mu wuce."

A tashar jirgin ƙasa hanya ta rabu biyu. Mai Tabarau ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Malam ya tsaya yana latsa waya. Bawan Allah ya kwance igiyar, ya sake ɗaurewa, ya koma ɗaya ƙafar. Ɗan birni da son gayu! Da Inna ta gaji ta lallaɓa ta hagu neman benci, Malam ya bi ta don ya tare ta, sai ga igiyar ta ɗauru, mutumin ya yi hagu shi ma.

"Ɗan nan, mutumin nan fa..."

"Inna, ki bar mini wannan. Aikina ne."

Ta ƙara riƙe gefen rigarsa.

Jirgi ya ajiye su, wata bas ta kwashe su. Dogayen benaye suka koma shaguna, shaguna suka koma kangaye. Sha ɗaya saura kwata gumi ya jiƙa wa Malam wuyan riga, amma ya tabbatar wa kansa cewa manyan asibitoci a bayan gari ake gina su, saboda iska mai kyau. Ya ma taɓa koyar da haka. Fasinjoji suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya har ya rage su uku.

Direba ya kashe mota kusa da wani filin tara tsofaffin tayoyi. "Ƙarshen layi ke nan, jama'a."

Sha ɗaya da rabi. Inna ta ɗaga fuska tana ƙifta idon da ya rage mata.

"Asibitin ke nan? Ban ga gini ba. Ko idon ne?"

Abin ya soki Malam har cikin zuciya, kuma kamar kullum, nan da nan ya nemo mai laifi. Ya sauka a fusace ya nufi Mai Tabarau, ya shirya masa jawabi a kan 'yan birni marasa tsoron Allah da ke yawo da hankalin tsofaffi. Bai kai ga buɗe baki ba mutumin ya cire tabarau, ya rusuna da ladabi.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, ni baƙo ne, yau na fara shigowa garin nan. Tun a tasha na ga katin asibiti a hannunka nake ta bin ka. Mun iso ne?"