Tsalle a Kan Bututu

Yayanta ya ja da baya zai yi tsallen da ya saba yi a kan bututun roba, manoman garin Mildura masu son saye sun kewaye shi cikin sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar. Tana tsaye a bayansu.

Tare suka gina masana'antar bututun, amma a watan jiya ya kore ta. "Koma jami'arki, Farfesa. Roba ai roba ce."

Ita ta san narkakkiyar roba takan kwaikwayi tsarin abin da ta daskare a kansa. Wani farin gari suke zuba wa robar, shi ke jera ƙwayoyinta yadda za ta sha duka ba ta fashe ba. Ranar tafiyarta, ta juye garin daga gwangwaninsa, ta cika gwangwanin da hodar jarirai.

"Ku duba, jama'a! Ko tarakta ba ta fasa wannan!" in ji yayan.

Ya dira. Bututun ya tarwatse, shi kuma ya zube a jar ƙasa. Manoman suka nufi motocinsu.

Ta tsuguna, ta damƙa masa guntun bututun guda a hannu.

"Sannu, Yaya. Ai wannan ma roba ce."